Cikin Ruwan Sanyi

Abin da na fara lura da shi da na shiga gidan Kaka a Kurfi shi ne randa ba ta wurinta. Tun da na yi wayo randar nan take zaune a ɗakin Kaka, bayan ƙofa, bisa tulin yashi mai damshi, da faifai a bakinta da moɗa kife a kan faifan. Ranar nan kuwa a tsakar gida na gan ta, gindin itacen bedi, an ture ta kusa da turmi kamar wadda ta yi laifi. A cikin ɗakin ba abin da ya rage sai shatin gindinta, yashin ma ya bushe har tururuwa sun yi hanya a kai.

Ina aji huɗu a lokacin, a makarantar firamare ta Dutsin-Ma, 'yan shekaru kaɗan bayan tafiyar Turawa. An ba mu hutun bazara, sai Baba ya ɗora ni a wata motar katako da ke ɗaukar masa hatsi, ya ce in je Kurfi in kama wa Gwaggo aiki, Kaka ba ta jin daɗi. Kaka mahaifiyarsa ce, Gwaggo kuma ƙanwarsa, tana aure a Tamawa, jinya ce ta kawo ta gida. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa ba mai kiran sunana a gidanmu. Ita kuwa takwara take ce mini.

Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon yashin, sai na ji muryarta daga kan gado.

"Wa ke tafiya haka kamar kyanwa? Takwara ce?"

"Ni ce, Kaka."

"To shigo ki ga yadda Gwaggonki ta maishe ni tsire. Yaji kaɗai ya rage a barbaɗa."

Gwaggo tana durƙushe gaban gadon da kaskon ruwan zafi, tana matse tsumma. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Inna, ke dai bakinki ba ya ciwo."

Bakin ne kaɗai ba ya ciwo. Kaka ta rame har awarwaron hannunta yana gangarowa gwiwar hannu, amma cikinta ya tashi ya yi tauri kamar ganga. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita kwana goma, ya tafi, ya bar ta da cikin da ya ƙi tashi. Kwana biyar ke nan ba ta ci abin kirki ba. In an kawo koko ta kurɓi ludayi ɗaya sai ta kau da kai, ta ce wanda ta sha jiya yana nan bai matsa ba. Ba ta kuma zaga ba. Gwaggo ta haƙiƙance sanyi ne ya shige ta, don an kama ta tana shan ruwan randa lokacin da jikinta ke zafi. Shi ya sa aka kori randar. A gidanmu, kamar a kowane gida da na sani, zafi shi ne magani. Mai jego ruwan zafi, mai targaɗe ruwan zafi, mai ciwon ciki kanwa da ruwan zafi. Sanyi kuwa sunan cuta ne.

Na zo da saƙo daga Baba, na faɗa wa Gwaggo a madafi, murya ƙasa. Ya ce in har Alhamis ta yi Kaka ba ta ci abinci ba, zai zo da motar da kansa ya kai ta babban asibiti a Katsina. Na ɗauka Kaka ba ta ji ba. Ashe kunnenta ma ba ya ciwo.

"Ki gaya wa ubanki," ta ce daga ɗaki, "in mutuwa ce ta san hanyar ɗakin ga. Ba sai an biya mota an kai ni inda take ba."

Ta faɗa da wasa, amma da na leƙa na ga ta damƙe gefen tabarmar gadon da hannu biyu. A wancan zamani tsofaffi irinta sun ɗauka ba a kai mutum can sai an fid da rai, kuma tun da aka kawo ta Kurfi tana yarinya ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Ran Lahadi na iso. Na ƙirga kwanakin da yatsa a ƙarƙashin mayafina, guda huɗu.

Akwai abin da ya fi ramar tsorata ni, ban kuma faɗa wa kowa ba. Ina ƙarama nakan ɗora kaina a kan cikin Kaka bayan an ci tuwo, in ji yana ƙugi yana ɓulɓula, wani abu yana gudu daga nan zuwa can. Takan ce 'yan hanjinta ne ke yi wa juna tatsuniya. Da yammacin ranar da na iso, da Gwaggo ta fita alwala, na lallaɓa na sa kunnena. Na daɗe. Ban ji komai ba sai bugun jinin kunnena. Kaka ta shafa kaina.

Washegari Gwaggo ta miƙo mini wata kwalba da aka toshe bakinta da totuwa.

"Ke ce 'yar boko. Je ki ƙaramin asibiti ki karɓo magani wurin Malam, ki kuma buɗe kunne ki ji mi zai ce. Ban da sunkuyar da kai kamar mai neman allura."

Malamin asibitin ya san ciwon. Kwana biyu kafin in zo ya iso gidan a kan kekensa, ya danna cikin Kaka nan da can, ya ce babu abin da ya murɗe, kasala ce kawai irin ta bayan zazzaɓi. Dogo ne, da alƙalami a bayan kunne da goro a kunci. Na tarar da layi har waje. Ni a lokacin ko a aji aka kira ni sai muryata ta maƙale, balle gaban baƙon namiji da mata cike da benci suna kallona. Da layi ya zo kaina na miƙa kwalbar kawai. Shi ya gane ta.

"Ta tsohuwar nan ce ta gidan bedi? Har yanzu ba ta ci ba?"

Na girgiza kai.

Ya cika kwalbar da wani farin magani mai kauri, ya ce cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Sannan ya zaro alƙalamin daga bayan kunne ya ce, "Kafin a ba ta koko, a shafa mata cikin..." Daidai nan wani jariri da ake wanke wa gyambo ya tsala ihu, Malam ya juya kansa, na dai tsinci ƙarshen maganar: "...ruwan sanyi. Kaɗan dai, kar a daɗe." Na ga kan alƙalamin ya nufi wani tulu da ke kan taga, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Matar da ke bayana ta turo ni da gwiwar hannu, na fito.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ce, Malam, ban ji ba. Kalma huɗu. Na kasa. Sai na kama maimaita maganar a hanya don kar ta ɓace, ina rera ta yadda muke rera biyu sau biyu huɗu a aji. A shafa mata cikin ruwan sanyi, a shafa mata cikin ruwan sanyi. Kafin in wuce rumfunan kasuwa waƙar ta goge yadda ya furta ta, har ban san inda muryarsa ta hau da inda ta sauka ba.

Haka na zuba wa Gwaggo ita, kaina a ƙasa.

"Cikin ruwan sanyi?" Gwaggo ta riƙe ƙugu. "Au, ashe ƙarata aka kai! Wato in bi ta a hankali, ina da nauyin hannu. Shi ya taɓa daka gero ya ga ko hannunsa zai yi laushi?"

"Gaskiya ya faɗa," in ji Kaka. "Jiya saura kaɗan ki fito mini da hanta ta baki."

Kowa ya san in an ce a yi abu cikin ruwan sanyi, ana nufin a yi shi sannu, ba garaje. Gwaggo ba ta yi kuskure ba, abin da na kawo mata ta karɓa. Ta ci gaba da gashi da ruwan zafi, sai dai yanzu tana shafawa da 'yan yatsu kamar mai lallashin jariri, tana gunaguni. Ni kuwa tulun nan na kan taga ya ƙi barin idona. Na ɗauko allon makaranta na rubuta maganar sau biyu, ɗaya bisa ɗaya. A ta ƙasa na ƙara kalma guda: a shafa mata cikin da ruwan sanyi. 'Yar kalma mai harafi biyu, amma da ita maganar ta zama wata daban. Ko ihun jaririn ne ya haɗiye ta? Ko kuwa babu ita tun farko, Malam ƙuda yake kora da alƙalami? In na faɗa, aka sa wa Kaka sanyi a cikin da aka ce sanyi ne ya kwantar da shi, ta ƙara rikicewa, ni ce. In na yi shiru Alhamis ta zo, ni ce. Na goge allon da yawu.

Talata ta wuce. Ana ba ta maganin, tana haɗiyewa tana yamutsa fuska, koko kuwa yana komawa madafi yadda ya fito. Ran Laraba da safe Gwaggo ta ciro zannuwan Kaka masu kyau daga adudu ta ninke su cikin ɗauri ɗaya. Kaka ta bi ta da ido. Tun daga nan ba ta ƙara tsokanar kowa ba.

Bayan azahar Gwaggo ta bi ta ƙofar baya zuwa maƙwabta yin barkar haihuwa, ta ce kar in motsa daga ɗakin. Zafi ya kai inda kaji suka buɗe baki a inuwa. Na zauna ina yi wa Kaka fifita, har dai maganar ta fito da kanta.

"Kaka, ina jin na yar da wata kalma a hanya."

"Wace iri? Mai tsada?"

Na gaya mata komai, jaririn, alƙalamin, tulun. Ta kalli rufin ɗaki, sannan ta ce, "Ya nuna tulu?"

"Ya nuna. Ko kuma ƙuda ne."

"Takwara, kwana takwas ana dafa ni ban nuna ba. Ɗebo ruwan. In na mutu ki ce ƙuda ne."

Ban sami tsumma mai tsabta ba sai farin kallabina na makaranta. Na je gindin bedi na ɗaga faifan. Ko a waje randar ba ta bar halinta ba, ruwan ya yi sanyi har sai da ya ratsa mini ƙashin yatsu. Na cika ƙwarya, na tsoma kallabin, na matse, na ninka shi huɗu. Kaka ta sassauta zanenta, na yi bisimilla na shimfiɗa.

"La'ilaha illallahu!" Ta zabura har gadon ya yi ƙara. "Ke! Ashe ke ma muguwa ce!"

Na kai hannu zan cire, ta buge shi. Na ga fatar cikin ta yi ƙuraje-ƙuraje irin na kazar da aka fige, na ga naman ya ja ciki ya sake, ya kuma ja, numfashinta ya yi zurfi. Malam ya ce kar a daɗe, ni kuma ba mu da agogo, sai na karanta Ƙulhuwallahu sau uku a zuci ina shafawa a kewaye, sannan na ɗauke. Na goge wurin da busasshen zane har ya yi ɗumi a tafin hannuna, ɗumin da ya fi na da. Na sake tsomawa na sake yi, sau uku. Na rufe ta da bargo. Na sa kunne.

Shiru.

Ina nan durƙushe Gwaggo ta ɗaga asabari. Idonta ya sauka a kan ƙwaryar, ya koma kan jiƙaƙƙen kallabin, ya dawo kaina. Ta tsoma yatsa a ruwan.

"Innalillahi! Ruwan randa? Yarinyar ga, kashe mini uwa kika zo yi? Abin da ake koya muku ke nan a bokon? Mutum yana fama da sanyi ki ƙara masa sanyi? Mi zan ce wa yayana gobe?"

Ban iya ko kuka ba. Gwaggo na ta faɗa tana neman kaskonta, tana cewa a hura wuta maza, sai Kaka ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Yi shiru."

"Inna, ba zan yi shi..."

"Na ce yi shiru, ana sallama."

Muka yi tsit. Daga ƙarƙashin bargon wani sauti ya taso, siriri da farko kamar ƙofar kara da ake ja, sannan ya yi kauri, ya gangara, ya ƙare da ɓul-ɓul. Na manta da kunya, na manta da Gwaggo, na kifa kunnena a kai. 'Yan hanjin suna nan. Ɗaya ya yi magana a hagu, wani ya amsa masa daga ƙasa. Ban san lokacin da hawaye suka jiƙa bargon ba. Can kuma sai wata iska ta fita, doguwa, ba ta ko ɓoye kanta ba.

"Akuyar maƙwabta ce," in ji Kaka.

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa, kaskon a cinyarta. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta kuma dawo dariya, tana share ido da bakin zane tana cewa Alhamdu lillahi. Kafin la'asar Kaka ta ce ko akwai sauran kokon nan. Na ƙirga, ludayi bakwai ta sha. Da hantsin Alhamis ta dafa kafaɗata muka je bayan gida, ta daɗe, ta fito tana cewa a ba ta hanya, sarauniya ta sauke kaya.

Duk da haka raina bai gama kwanciya ba, don ban san ko daidai na yi ko sa'a na ci ba. Maganin ya kusa ƙarewa, na ɗauki kwalbar ba tare da an aike ni ba. Wannan karon da layi ya zo kaina na ɗaga kai, ko da yake bangon bayansa nake kallo.

"Malam, ran nan cewa ka yi cikin ruwan sanyi, ko da ruwan sanyi?"

Ya daina tauna goron. "Da ruwan sanyi mana. Ba na nuna miki tulu ba? To mi kuka yi ta yi kwana biyu?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya dafa tebur, matan kan benci suna tambayar juna mi aka ce. Da ya natsu ya ce mini ciki kamar jaki ne da ya kwanta a rana: in ka yi ta lulluɓa masa ɗumi sai ya ƙara miƙe ƙafa, in ka watsa masa ruwa sai ya zabura. Amma in ruwan ya daɗe a kansa, sanƙarewa zai yi, shi ya sa ya ce kaɗan. Ya kuma ja mini kunne cewa ba kowane ciki ake yi wa haka ba. Ya yarda ne don ya taɓa na Kaka da hannunsa. Mai murɗa ko mai amai, asibiti za a kawo shi. Ya yagi 'yar takarda ya rubuta maganar, ya ja layi biyu ƙarƙashin "da".

Na girma, na yi jinyar mutane da yawa a gidana, har yau ba zan rantse ba cewa ruwan ne kaɗai ya ta da cikin Kaka. Ta sha farin maganin kwana biyu, wataƙila kuma lokacin tashinsa ne ya yi. Abin da na gani da idona shi ne naman ya motsa a ƙarƙashin kallabina, abin da na ji da kunnena kuma na faɗe shi.

Ran Alhamis ɗin nan, da na dawo daga wurin Malam, na tarar da motar katako a ƙofar gida. Na shiga da gudu. Baba na tsugune bakin ɗaki, hularsa a hannu, Kaka na zaune a kan tabarma da ƙoƙon fura tana yi masa faɗa a kan ya bar kasuwa ya zo kallon tsohuwa tana cin abinci. Ɗaurin zannuwan yana gefe, an kwance shi. Na karanta wa Gwaggo takardar, na nuna mata layi biyun ko da yake ba ta karatun boko.

"Ni dama na san hannuna ba shi da nauyi," ta ce.

Bayan motar ta tafi ba Kaka a ciki, na ɗebo ruwa na yayyafa wa yashin bayan ƙofa, na share hanyar tururuwan, na gyara shatin da tafin hannu. Na je gindin bedi na rungumi randar, ko motsi ba ta yi ba. Gwaggo na tankaɗe a bakin madafi tana yi kamar ba ta gan ni ba. Na tsaya a gabanta har sai da ta ɗago.

"Gwaggo, don Allah ki kama mini mu mai da ita ɗaki."